Anti, albasar kwalliyata ta ƙi fure, ko dai hannuna ne?

Saƙon wannan satin daga wata ƙanwata ne a Sakkwato, ta roƙi kar in ambaci sunanta, ga abin da ta rubuto a taƙaice:

"Anti salamu alaikum, dan Allah ki taimaka min da shawara. Shekara biyu da suka wuce na je Ingila wajen ƙanina da yake karatu a can, cikin watan Mayu ne, sai na riƙa ganin wata fulawa a ƙofar gidaje, doguwar sanda ta kusa kai min ƙirji, a samanta wani dunƙulen fure kamar ƙwallo launin shunayya, ya ce min wai dangin albasa ce ana kiranta allium. Wallahi tun daga ranar ta shiga raina. A Oktoba ya ba wani mai tahowa gida guda 10 ya kawo min, a jikin kwalin an rubuta tana son rana da busasshiyar ƙasa, nace to ai ta zo gida. Na shuka a tsakar gida ta fito da ganye masu faɗi, ina ta murna ina ban ruwa safe da yamma, amma ko sanda ɗaya bata fitar ba, zafi na shigowa ganyen ya ƙone, ban daina zuba ruwa ba, da damina na tona na tarar duk sun ruɓe suna wari. Na sake sayen irinta a intanet ko ƙwaya ɗaya bata tsiro ba. Yanzu maigida ya ce kuɗi da ruwa kawai nake ɓarnatarwa, uwar mijina kullum sai ta ce ina miyar albasar Turawan, wata maƙwabciya kuma ta ce wai hannuna ne baya shuka ko kuma baki ne ya kama. Ƙanin nawa zai zo gida a Satumba, in ce ya sake kawo min ko in haƙura?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara cire miki ƙayar da maƙwabciyar nan ta soka miki, hannunki lafiyarsa lau, wadda ta binne abu a ƙasa ya fito da ganye shar ai ba a ce mata hannunta baya shuka, kuma babu wani baki a maganar nan, ko malamin gona na jami'a kika ba waɗannan guda goman ya shuka su a tsakar gidanki a Oktoba abin da ya same ki shi zai same shi. Sanyi ne babu. Shi kenan ciwon.

Kwalin nan bai yi miki ƙarya ba amma rabin magana ya faɗa miki, kuma ba da ke yake ba, da mutumin Ingila yake wanda damuwarsa ruwan sama da laka da rashin ganin rana. Manyan albasun kwalliyar nan asalinsu daga tsaunukan Iran da Afganistan da Turkmenistan da ƙasashen tsakiyar Asiya suke, 'yan Holan ne suka ɗauko su suka riƙa haɗa aure tsakaninsu suna ninkawa suna sayar wa duniya. To a can gidansu ga yadda shekara take tafiya: da kaka ta fitar da saiwa a ƙarƙashin ƙasa, sai hunturu ya zo na gaske, dusar ƙanƙara ta rufe ta wata da watanni tana kwance cikin sanyi, ƙanƙarar na narkewa ta sha ruwan ta yi wuf ta fitar da ganye da fure cikin 'yan makonni, daga nan sai rani mai zafi da fari ya shigo ita kuma ta zubar da ganye ta yi barci, bata son ko ɗigon ruwa har wata kakar. Kinga busasshiyar ƙasar da aka rubuta ta lokacin barcin ce. Mu zafin da farin muna da su har sun yi yawa, ɗaya rabin ne Allah bai ba mu ba.

Kuma ba sanyin da muke cewa sanyi ba fa. Tana buƙatar kamar sati 10 zuwa 12 a sanyin da bai wuce digiri 10 ba, in so samu ne tsakanin 4 da 7, irin na cikin firij. A Sakkwato tsakiyar hunturu da asuba, lokacin da kike ƙudundune cikin bargo an hura gawayi a kasko yara suna kukan wanka, ma'auni yana wajen 15 zuwa 17 ne, da rana kuma ya haura 30, daga Maris zuwa Mayu ki ji ana maganar 40 da ɗoriya. Wato abin da ya sa ki saka suwaita ita a wajenta bazara ce. Ganyen da kika gani abincin da ta taho da shi a cikinta ne ta ci ta fitar, amma sandar furen bata miƙewa yadda ya kamata sai ta sha sanyin nan, shi yasa kika ga ganye ba fure. Ruɓewar kuma, ki yi haƙuri zan faɗa, wannan ke ce, amma da kyakkyawar niyya, ganye ya bushe ta shiga barci ke kuma kina ta ɗura mata ruwa cikin zafin Afrilu, sannan damina ta zo ta ƙarasa, ko albasar miya kika binne a jiƙaƙƙiyar ƙasa mai zafi wata uku ai kin san warin da za ki tono.

Maganar irin intanet kuwa kar ma ki ƙara. Ɗaya daga cikin masu manyan fure a cikinsu, mai suna Globemaster, wanda furensa ke kai santimita 20, haɗin aure ne kuma baya yin iri mai tsira, ta kan albasarsa kawai ake ninka shi, don haka duk wanda ya saka hotonsa ya ce ga ƙwayar irinsa a leda kuɗinki yake so. Waɗanda ma suke yin iri na gaskiya sai ƙwayar ta sha sanyi kafin ta tsiro, in ta tsiro kuma sai kin jira shekara uku ko fiye kafin ki ga fure. Hotunan nan na manya-manyan ƙwallaye masu shuɗi garau da masu kala bakwai kuwa aikin kwamfuta ne.

To yanzu me za ki yi. Ni abin da zan ce ki fara da shi zai iya ba ki dariya, ki shuka albasarmu ta miya. Eh ita. Da yawanmu 'yan birni mun girma muna yanka albasa muna hawaye amma bamu taɓa ganin furenta ba, saboda ana cire ta kafin ta kai nan. Ni ma sai da na girma na gani, wata shekara a ƙarshen Janairu mun je gaisuwa wajen Wurno, aka bi da mu ta cikin lambu, can gefe na hango wasu fangula uku da aka bari na iri, sanduna ne tsaye reras sun kai min ƙugu, kowace da farin dunƙule a kanta kamar an ɗaura mata ɗankwali, ƙudan zuma sun yi musu caa har kina jin ƙugin daga nesa, ƙamshi kuma wani iri ne, zuma-zuma da ɗan yajin albasa a ƙarshe. Na tsaya ina ta ɗaukan hoto, dattijon da ke ban ruwa ya dafa fartanya yana kallona kamar wadda ta zautu, ya ce Hajiya albasa ce fa. Wallahi siffar ɗaya ce da wadda kika gani a Ingila, gida ɗaya suka fito, ita da tafarnuwa duk allium ne, dangin sun haura kala 700.

Yadda abin yake, albasa shuka ce mai zango biyu, zangon farko ta tara abinci ta yi kai, shi muke ci, in aka mayar da kan nan ƙasa lokacin sanyi sai ta yi zango na biyu ta fitar da fure ta yi iri. Kuma tamu ta saba da ƙasarmu, ɗan sanyin hunturunmu ya ishe ta, ba ruwanta da firij. Ga ki kuma a tsakiyar ƙasar albasa, Aliero na nan a Kebbi, ga Goronyo ga Wurno ga Gada, ga Galmi a tsallaken iyaka tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa, wadda jar albasarta ta yi suna har ana kiran irin da sunan garin a duk Afirka ta Yamma. Ita 'yar Galmin ma manoma kuka suke da ita cewa tana da saurin fitar da fure in sanyi ya yi, abin da yake musu asara ke shi kike nema.

Daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba ki shiga kasuwa ki nemi tsohuwar albasa wadda aka ajiye tun girbin rani, ba sabuwar damina mai ruwa ba, ki zaɓi manya masu tauri, in kin samu waɗanda suka fara turo ɗan koren tsiro a kai ma ya fi, su ne mai albasa yake neman kai da su don haka za ki samu sauƙi duk da lokacin tsadarta ne. Ki danna gindin da babban yatsa, in ya lotsa ko ya yi baƙi ki ajiye masa abarsa. Guda 15 zuwa 20 za ki saya, kar ki shuka uku ki ce bata yi kyau ba, kyawun abin nan a taro yake. Masu yin iri sukan yanke saman albasar kamar kashi ɗaya cikin huɗu don tsiron ya samu hanya ya fito da yawa lokaci ɗaya, ki yi hakan, ki barbaɗa toka a wurin yankan ki bar su a inuwa kwana ɗaya su sha iska, saman da kika yanke kuma ya tafi tukunya ba asara. Sai ki gyara wuri inda rana ke samu sosai, ki kwance ƙasar ki cakuɗa ta da taki wanda ya ruɓe ya yi baƙi ya daina wari, kashin awaki ko na shanu na bara, ɗanye ƙona saiwa yake yi ya kuma jawo gara. Ki dasa gindin a ƙasa, ƙasa ta rufe kan da kamar faɗin yatsu biyu, tsakanin kowace da 'yar uwarta taƙi ɗaya. Ruwa kwana biyu ko uku sau ɗaya ya isa a hunturu, ki tura yatsa ki ji, in da danshi ki bari sai gobe.

Sati ɗaya zuwa biyu za ki ga lawashi ya yi tsiri-tsiri, bayan nan sai ki ga wasu daban sun fara fitowa daga tsakiya, masu kauri da kumburi a ƙasa kamar bututu, da ɗan tsinin hula a kai, su ne sandunan furen, albasa ɗaya takan ba da uku huɗu biyar ko fiye. Hular nan za ta yi ta kumbura har wata safiya ki fito ki ga ta tsage, ƙananan furanni ɗaruruwa sun buɗe. Daga dasawa zuwa nan ki saka wata biyu zuwa uku, wato Janairu zuwa Fabrairu kina cikin fure. In iskar hunturu tana kaɗa su ki kafa kara biyu ki zagaye su da igiya. Abin da zai dame ki wasu mitsi-mitsin ƙwari ne da ke ɓoye a maƙogwaron ganyen suna tsotsa, za ki ga ganyen ya yi zane-zane fari kamar azurfa, ki daka ganyen dogon yaro ki jiƙa ya kwana ki tace ki ɗiga ɗan sabulu ki fesa da yamma lis bayan zuma sun tafi gida, in furen ya buɗe kuma kar ki fesa a kansa. Lawashin za ki iya ɗan tsinka na miya amma kar ki aske ta, da ganyen take ciyar da furen.

Ba zan ruɗe ki ba, fari ne ba shunayya ba, kuma girmansa kamar lemon zaƙi ne, ba kamar kan jariri irin wanda kika gani ba. Duk jan albasar furen fari zai fito, an dai ce albasa bata yi halin ruwa ba, to furen ma bai yi halin albasar ba. Amma in sandunan fure sittin suka tsaya a wuri ɗaya a jikin jar katanga da yamma, ni dai ban ga abin da ya rage musu ba. Kuma suna zama a kwalba cikin ɗaki in kin yanko, ki dai riƙa canja ruwan kullum don in ya kwana biyu falon zai koma rumfar mai albasa.

In kalar ce ta tsaya miki a rai, akwai wata 'yar uwarsu ta nesa daga Afirka ta Kudu, sunanta Tulbaghia violacea, ganyenta sirara kamar ciyawa, furenta shunayya mai haske a kan siririyar sanda kamar kamu ɗaya, bata yin ƙwallo cikakke sai dai ɗan tsintsiyar taurari, amma bata neman sanyi, tana jure fari, tana daɗewa tana fure kuma duk shekara ƙara cunkushewa take ki raba ki ƙara wani wurin. Ki sauke hotonta a waya, duk wanda zai je Abuja ko Jos ko Kaduna ya nuna wa masu sayar da fulawa na bakin titi, gwajinta sauƙi ne, ki murza ganyen a yatsa in kin ji tafarnuwa to ita ce. A Sakkwato ki ba ta wurin da inuwa ke rufewa daga azahar, don ranar Afrilunku ba ta da ɗa ba ta da jika. Akwai kuma Allium tuberosum, lawashin 'yan Chana mai faɗin ganye da ɗanɗanon tafarnuwa, wannan daga ƙwayar iri ake shuka ta kuma irin nata na gaskiya ne, tana rayuwa a ƙasashe masu zafi, furenta fari, ganyenta kuma ana soya ƙwai da shi. In ƙaninki zai ɗauko miki wani abu to ya sa 'yar fakitin wannan a ciki.

Yanzu tambayarki ta ainihi, ya sake kawowa ko kar ya kawo. Na san zuciya, in na ce a'a ma za ki ce masa ya kawo a ɓoye, don haka gara in faɗa miki yadda ake yi. Amma ki ɗauke shi a matsayin caca ta halal, kuɗin da in ya tafi ba za ki kasa barci ba, guda 5 ko 6 kawai. Kar ya sayo dogayen nan giganteum ko Globemaster, su suka fi kowa son sanyi. Ya nemi Allium schubertii, wannan daga wajen Siriya da Falasɗinu da Lebanon take inda hunturun bai kai na tsaunuka tsanani ba, gajeruwa ce amma furenta kamar tartsatsin wuta yake ya baje ko'ina, ko kuma Allium cristophii ta Iran da Turkmenistan mai taurari shunayya masu ƙyalli. Kuma kafin ya cusa a akwati ya bincika ƙa'idar hukumar NAQS mai kula da shigo da tsirrai, don akwai takardun da ake nema, kar a karɓe a filin jirgi ki zo kina kuka biyu.

Suna isowa a Satumba ba ƙasa za su ba, firij za su. Ki zuba su a jakar takarda ko ambulan, ba leda ba don leda gumi take sawa su yi funfuna, ki saka a aljihun ƙasa na kayan miya, ba firiza ba, in suka daskare sun mutu. Ki raba su da ayaba da tuffa da tumatir, waɗannan in suna nuna akwai iskar da suke fitarwa mai lalata ɗan furen da ke kwance a cikin albasar. Sati 10 za su yi, daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba, don su fito daidai lokacin da hunturu ya kankama su samu Disamba da Janairu da Fabrairu kafin wuta ta sauko. Kuma a nan ne gizo ke saƙa, wutar lantarki. Firij da ke yin sanyi awa huɗu ya huce awa ashirin bai yi aikin ba, in baki da sola ko inbata ki roƙi wata 'yar uwa mai shi ta ajiye miki, in babu to gaskiya ki bar maganar ki tsaya kan albasarmu ta miya.

Ni na taɓa gwadawa, shi yasa nake magana da ƙarfi. Guda shida aka kawo min, na saka a firij ban rubuta komai a jiki ba, ɗiyar yayata da ta zo hutu ta buɗe tana neman albasar da za ta soya ƙwai ta ɗauki ɗaya ta yanka, Allah Ya sa na shigo kafin ta zuba, tana cewa Anti wannan albasar taki fara ce kuma bata sa hawaye. Kar ki yi wasa da wannan, na kwalliya ana yawan yi musu feshin maganin funfuna kafin a sayar, ba na ci ba ne, ki rubuta BA NA CI BA da manyan baƙi ki gaya wa duk mai shiga kicin. Saura biyar, a tsakiya kuma aka ɗauke mana wuta kwana tara, na dai shuka su haka, biyu suka yi fure, sandar ko gwiwata bata kai ba, kan kamar lemon tsami babba, suka yi kwana goma da wani abu zafi ya shigo suka bushe. Na ji daɗi kuwa? Na ji wallahi, har kujera na jawo na zauna a gabansu da shayi. Na sake? Ban sake ba.

In kin kai ga shukawa, tukunyar ƙasa za ki nema mai zurfi, ba bokitin roba baƙi ba wanda rana ke mayarwa tukunyar dahuwa, a huda gindin huda uku ko huɗu. Ki haɗa yashi mai tsakuwa kashi biyu, ƙasar lambu kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, in kin zuba ruwa ya kamata ki ga ya zube ta ƙasa nan take, in ya tsaya ƙara yashi. Tsinin sama, zurfin kamar tsawon albasar sau uku, wajen santimita 15, ki fito da su daga firij ki shuka a ranar da yamma kar ki bari su kwana a waje. Sai ki yi musu dabarar nan ta tukunya cikin tukunya wadda Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa, ya yaɗa har ya samu kyautar Rolex a 2000, ki saka tukunyar shukar cikin wata babba ki cika tsakaninsu da yashi ki riƙa jiƙa yashin, busasshiyar iskar hunturu na busar da shi yana janye zafi daga saiwar. Bata kai firij ba balle ta maye gurbinsa, amma tana rage wa ƙasar zafin rana sosai. Ki ajiye ta gabashin ɗaki inda za ta sha hantsi, kafin azahar inuwa ta rufe ta. In kin ga bakin ganyen ya fara rawaya daidai lokacin da sanda ke tashi kar ki firgita ki ƙara ruwa, halinsu ne, ganyen yakan fara mutuwa kafin furen ya gama buɗewa. Ganye na gama bushewa ki tsayar da ruwa cak, ki tono ki kakkaɓe ki ajiye a takarda a ɗakin da ya fi sanyi, Satumba ki mayar firij in kina so, amma yawanci za ki tarar sun ƙanƙance, a ƙasarmu fulawar shekara ɗaya ce.

Sai maganar gida, wadda ina jin ita ta fi ci miki rai ba furen ba. Maigidanki yana da 'yar gaskiya, sau biyu kuɗi ya fita ba a ga komai ba kuma ruwa a Sakkwato da bazara saye ake, mai kura baya karɓar hoton fulawa. Kar ki tsaya kare kanki, ki same shi lokacin da ya ci ya ƙoshi ki ce na gano inda na yi kuskure, abin sanyi yake so, bana albasar kasuwa zan gwada guda ashirin kuma ba zan taɓa ruwan saye ba. Ki ajiye bokiti a wurin alwala, ki tara ruwan wankin shinkafa da na kayan miya, wannan ya ishi ɗan fangalin da bai fi tabarma ba, amma banda ruwan wanki mai omo da bilic da ruwan wanke-wanke mai maiƙo da gishiri. Namiji in ya ji lissafi ya kuma ji ba aljihunsa za a taɓa ba yawanci shiru yake yi, ranar da abokinsa ya shigo ya ce kai wannan fa, za ki ji yana cewa ai mu muka shuka.

Ita kuwa Hajiya uwar mijin naki, tsokanar nan ni ban ji ƙiyayya a ciki ba, tsohuwa ce ta ga ana ban ruwa wa albasar da ba a ci abin ya ɗaure mata kai, ko ni ce a shekarunta sai na tanka. Ki yi dariya ki ce Hajiya na tuba na dawo ta gida, ki roƙe ta ta zaɓa miki na dasawa, dan na tabbata in ta juya albasa a hannu sau ɗaya ta fi ni da ke sanin mai rai da matacciya, wataƙila ma gidan manoma ta fito ta san abin da ban rubuta nan ba. In furen ya bushe kika ga baƙaƙen ƙwayoyi sun fara leƙowa, ki yanko kawunan ki shanya a faranti a inuwa ki murje ki sheƙe, ki ƙulla mata a ƙyalle ta aika ƙauye, ki dai gaya mata a shuka a shekarar don irin albasa baya jure ajiya, in ya shekara rabinsa ya mutu. Maƙwabciyar kuma ba sai kin ce mata komai ba, ki dai kafa fangalin inda za ta hango in ta leƙo ta katanga, ki kuma kare shi da ƙaya ko waya saboda awaki da kaji.

In sun yi ki ɗauki hoton da sassafe kafin ƙura ta taso ki turo min, ki ƙirga min sanda nawa kowace albasa ta fitar, nawa na bara wadda ta fi yawa bakwai ta yi kuma 'yar Galmi ce.